Zangon Gräfenhausen: direbobin da suka kashe mota suka zauna a kan kaya

Ɗan yayata ne ya sa na koma kan wannan labari na yajin aikin baƙin direbobin tirela a Jamus. Shekararsa bakwai yana jan tirela tsakanin Apapa da Kano, kuma daga ƙasa ya faro, tun yana yaron mota mai wanke gilashi da tokare taya da dutse in an tsaya a gangara. Ran nan ya zo gaishe ni, da muka gama cin abinci sai ya miƙo mini wayarsa. Talla ce a Facebook: kan tirela sabo fil, ana neman direbobi a Turai, albashi da Yuro, kamfani zai yi biza.

"Kawu, duba mini wannan. In dai tuƙi ne, wanda ya ratsa Mokwa zuwa Tegina da kwantena a tsakiyar damina, titin Turawa ai hutu ne a wurinsa."

Na ce masa nan kam ya yi gaskiya. Sai dai mutanen da zan ba shi labarinsu, su ma ba wanda ya taɓa cewa ba su iya tuƙi ba.

Gräfenhausen ƙauye ne a jihar Hesse ta ƙasar Jamus, kudu da Frankfurt, dab da Darmstadt. A gefen babban titin A5 akwai zangon matafiya mai wannan suna: gidan mai, wurin cin abinci, banɗakin da sai ka jefa Yuro 1 ƙofarsa za ta buɗe, da filin da manyan motoci ke jeruwa su kwana. Kamar Tafa ko Mararrabar Jos ke nan, in ka cire masu shayi da masu faci da hayaniya. A watan Maris na 2023 wasu shuɗayen tireloli suka soma taruwa a filin, ɗaya bayan ɗaya, har suka kai sittin da 'yan kai. Direbobin suka kashe inji, suka zare makulli, suka ce ba inda za su sai an biya su.

Galibinsu 'yan Jojiya ne da Uzbekistan. Motocin kuwa na wasu kamfanoni uku ne, Lukmaz da Agmaz da Imperia, duk mallakar iyalin Mazur, da ke da mazauni kusa da birnin Krakow na ƙasar Polan. Ka ga abu uku ke nan tun ba a je ko'ina ba: direba daga wata ƙasa, mota daga wata ƙasa, aikin kuma a wata ƙasa ta uku. Wanda bai gane yadda waɗannan uku suka haɗu ba, ba zai gane abin da ke cikin irin tallar da aka nuna mini ba.

Ƙarancin direbobi a Turai ba ƙarya ba ne. Ƙungiyar masu sufurin mota ta duniya, IRU, ta ƙiyasta cewa a 2023 akwai guraben direbobin manyan motoci sama da 230,000 da ba kowa a kansu a nahiyar. Tsofaffin direbobi na yin ritaya, samarin Jamus da Faransa kuma ba sa son aikin da zai raba su da gida makonni. Polan ce ta zama uwar jigila a Tarayyar Turai, kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk kayan da ake ja a titi motocinta ne ke ɗauka, sai Lituweniya da ita ma take da manyan kamfanoni duk da ƙanƙantarta. Shekara da shekaru 'yan Yukiren da Belarus ne ke cike musu gurbi. Da yaƙi ya ɓarke a 2022 aka hana mazan Yukiren masu shekara 18 zuwa 60 fita daga ƙasa, wasu da ke waje kuma suka koma gida, sai kamfanonin suka ƙara miƙa hannu can nesa: Jojiya, Uzbekistan, Tajikistan, Indiya, Filifin, har zuwa Afirka. Don haka tallar da ke yawo a wayoyinmu tana da tushe. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Takardun su ne inda ya kamata mutum ya natsu. Baƙon direba na buƙatar izinin aiki, wanda kamfani ne ke nema masa, da sunan kamfanin a jiki. Yana buƙatar lasin ajin C da E, domin lasin gida ba ya daɗewa yana aiki a can sai an musanya shi. Yana buƙatar shaidar ƙwarewa da ake kira lamba 95, wadda karatunta awa 280 ne, ko 140 a gajeren tsari, sannan a riƙa sabunta ta da awa 35 duk shekara biyar. Sai katin takogiraf, wato na'urar da ke cikin mota tana rubuta kowane minti na tuƙi da na hutu. Na ƙarshe kuma shi ne wanda ba a cika faɗa wa mutane ba: takardar shaidar direba, wadda dokar Tarayyar ta 2009 ta wajabta wa duk wanda ba ɗan ƙasashenta ba. Dokar ta faɗa ƙarara cewa wannan takarda mallakar kamfani ce, aro ake ba direba. Ran da kuka ɓata da mai mota, ran nan takardar ta tashi daga hannunka, izinin zamanka kuma ya fara rawa. Kuɗin karatun da na takardun, sau da yawa kamfani ne ke biya, sannan ya riƙa cira daga albashi. Mutum bai taɓa sitiyari ba, bashi ya riga ya hau kansa.

A nan gida in direba ya yi faɗa da maigidansa, ajiye makulli yake ya tafi tasha, kafin sati ya zagayo wani alhajin ya ba shi mota. Akwai 'yan uwa, akwai ƙungiya, akwai wanda zai ce "ku yi haƙuri da juna". A filin A5 ba ko ɗaya. Motar ita ce wurin aikinka, ita ce ɗakin kwananka, ita ce adireshinka.

A rubuce, dokar Turai ta tuƙi tana da kyau har ta ba mutum sha'awa. Awa 9 a rana, sau biyu a mako a iya kai wa 10. Kada a wuce awa 56 a mako ko 90 a mako biyu. Bayan awa huɗu da rabi, hutun minti 45. Hutun mako na awa 45, kuma tun 2017 kotun Tarayyar ta yanke cewa ba a yin wannan dogon hutu a cikin mota. Sabbin dokokin da suka fara aiki a Agustan 2020 suka ƙara da cewa kamfani ne zai biya kuɗin masauki, kuma ya tsara aiki yadda direba zai iya komawa gida duk mako huɗu. Daga Fabrairun 2022 kuma, in motar Polan na jigila daga wani garin Jamus zuwa wani, ko tsakanin ƙasashe biyu da ba Polan a cikinsu, to albashin ƙasar da ake aikin ya kamata a biya. Mafi ƙarancin albashi a Jamus a 2023 Yuro 12 ne a awa.

Abin da direbobin Gräfenhausen suka faɗa wa 'yan jarida da 'yan ƙwadago ya sha bamban. Sun ce watanni suke yi a mota ba su ga gado ba, wasu ma fiye da rabin shekara, suna kewaya Jamus da Faransa da Holan da Italiya ba tare da sun leƙa Polan ba, balle gida. Kuɗin da aka yi musu alkawari na rana ne, Yuro 80 da 'yan kai, abinci da komai a ciki. Ka lissafa da kanka: awa takwas kacal a kan Yuro 12 ya ba da 96, alhali direban dogon zango aikinsa ya fi awa takwas in ka haɗa lodi da sauke kaya da jira. Kuma ko wannan ɗin ba ya zuwa cikakke. A yanke na tara, a yanke na ƙwarzanen bodi, a yanke na mai, wani watan ma shiru. Kwantiragin da suka sa wa hannu ba na ma'aikaci ba ne, irin na mai zaman kansa ne da aka ba kwangila, a cikin harshen da yawancinsu ba sa karantawa. Kamfanin a nasa ɓangaren ya ce ba ya riƙe da haƙƙin kowa, abin da ya cira yana cikin yarjejeniya, kuma ya kai ƙara cewa direbobin sun riƙe masa motoci da kayan mutane.

Yana da kyau mutum ya kalli rayuwar cikin motar da kyau, don hoton talla daga waje ake ɗaukarsa. Bayan kujeru biyu akwai gado mai faɗin tabarmar sallah, ƙarƙashinsa ƙaramin firiji. Tukunyar gas ana kunna ta a ƙasa, gefen taya, a kare ta daga iska da kwali. Wanki a bokiti, shanya a jikin madubi. Ranar Lahadi Jamus ta hana manyan motoci tafiya na awa 22, daga sha biyun dare har ƙarfe goma na dare, saboda haka filayen nan cika suke maƙil da maza zaune a kan kujerun roba, kowa da waya a hannu yana kallon 'ya'yansa ta bidiyo. Babu yaron mota. Kai ne direba, kai ne mai ɗaure kaya, kai ne mai gadi in dare ya yi. Ɗan yayata da ya ji wannan sai ya yi dariya, ya ce shi ko a Ogere ba ya kwana shi kaɗai a mota.

Ba a Gräfenhausen kaɗai aka fara yajin ba. Wasu direbobin kamfanin sun tsaya a arewacin Italiya da wasu wurare, amma can an samu an karɓe motocin, aka watse. Waɗanda suka tsira da nasu suka nufo Hesse suka haɗu da 'yan uwansu. Yawansu ne ya fara kare su. Sannan suka samu mutane: ƙungiyar ƙwadagon Jamus ta DGB da sashenta mai ba baƙin ma'aikata shawara, Faire Mobilität, da wani ɗan Holan mai suna Edwin Atema na ƙungiyar ƙwadagon ƙasarsu, FNV, wanda shi ma tsohon direban tirela ne, shi suka wakilta ya yi musu ciniki. Mutanen garuruwan kusa da majami'u suka riƙa kawo abinci da ruwa. Direbobin suka buɗe bodin wata tirela da ba kaya a ciki suka mai da shi kicin da zaure. Azumin shekarar ya kama ranar 23 ga Maris, aka yi sallah 21 ga Afrilu, wato Uzbekawan, da yawancinsu Musulmi ne, a wannan fili suka yi azumi har sallah ta same su. 'Yan Jojiya su ma a nan Istarsu ta 16 ga Afrilu ta same su.

Ranar Juma'a 7 ga Afrilu, wadda ta zo daidai da Juma'ar Ista ta Jamusawa, gari shiru ana hutu, mai kamfanin ya iso filin da kansa. Bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da ƙartin wani kamfanin tsaro na Polan, Rutkowski Patrol, sanye da rigunan sulke, da wata baƙar mota mai kama da ta yaƙi, da masu ɗaukar hoto, da sabbin direbobin da za su ja motocin. Aka yi ta turereniya. 'Yan sandan Hesse suka zo da yawa, suka kama mutum 19 har da shi mai kamfanin, daga baya aka sake su.

A ganina wannan rana ce ta juya lamarin, kuma kamfanin ne ya juya shi da hannunsa. Kafin nan rikicin albashi ne tsakanin baƙi da baƙo, irin wanda Bajamushe zai wuce a motarsa bai waiwaya ba. Da hoton motar sulke a titin Jamus ya fita a talabijin, sai 'yan siyasa suka fara zuwa filin, har Majalisar Tarayyar Turai ta tattauna batun. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Amma tausayi da hotuna ba su ne suka fito da kuɗin ba. Kayan da ke cikin motocin ne.

Ga yadda harkar take. Babban kamfani mai kaya ba ya neman direba da kansa. Yana ba wani babban kamfanin jigila kwangila, shi kuma ya miƙa wa wani, wani ya sa a kasuwar lodi ta intanet, har ta faɗo hannun mai motar da ya yarda da farashi mafi araha. Duk wanda ya taɓa zama a tasha ya san 'yan kamasho, to wannan kamasho ne hawa-hawa, kowane hawa na gutsurar nasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da 'yan ƙwadago suka buɗe takardun lodin da ke hannun direbobin, sai ga sunayen manyan kamfanonin da kowa ya sani a Turai, kuma kusan kowannensu amsarsa ɗaya: mu ba mu da wata hulɗa kai tsaye da wannan kamfani. Ta fuskar takarda ba su yi ƙarya ba. Amma kayansu na zaune a Gräfenhausen. A cikin motocin akwai wadda ke ɗauke da wasu kayan injin da kamfanin General Electric ke jira a Suwizalan, kuma rahotanni sun nuna matsin da ya biyo ta wannan hanya ne ya sa aka zauna teburin sulhu da gaske.

Kafin nan kamfanin ya gwada dabarar da kowane maigida ya sani: ya tura wa wasu kuɗinsu, da fatan za su tada mota su bar saura. Waɗanda aka biya suka ƙi motsawa, suka ce sai na ƙarshe ya ga nasa a asusu. Wannan shi ne abin da na fi jinjina musu a kai, don mutumin da iyalinsa ke jiran kuɗin cefane a Samarƙand ta Uzbekistan ko Kutaisi ta Jojiya, ga kuɗin ya shigo, a ce ya ƙara kwana goma a fili saboda wani da ba ƙabilarsu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, ba ƙaramin abu ba ne. A ƙarshen Afrilu aka sa hannu. Kamfanin ya biya kimanin Yuro 303,000, ya kuma amince ya janye ƙararrakinsa. In ka raba, kusan Yuro 5,000 ke nan kowane mutum. Ba kyauta ba ce, ba diyya ba ce, albashinsu ne da suka riga suka yi wa aiki. Ranar 28 ga Afrilu suka miƙa makullai suka bar filin, yawancinsu ba su koma kamfanin ba.

Ba a rufa wata uku ba shuɗayen motocin suka dawo. A tsakiyar Yuli wasu direbobin kamfanin, da suka ji yadda ta kaya, suka nufo wannan zango da irin wannan kuka. Na farko-farko an biya su cikin kwanaki. Labari ya bazu, motoci suka yi ta shigowa har suka haura ɗari, wannan karon har da 'yan Tajikistan da Yukiren da Turkiyya, kuɗin da suke bi ya kai wajen rabin miliyan na Yuro. Sai kamfanin ya rufe hannu, ya ce wannan ƙwace ne da rana tsaka, ya sake kai ƙara. Aka shiga Agusta, aka shiga Satumba. A cikin Satumba kimanin mutum 30 suka shiga yajin cin abinci, suka kwanta a bodin tirela, likitoci na zuwa duba su.

Abin da ya bambanta zagaye na biyu shi ne wata sabuwar dokar Jamus da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023, wadda a shekarar ta ɗora wa kamfanoni masu ma'aikata 3,000 zuwa sama alhakin lura da haƙƙin ɗan Adam a duk jerin waɗanda ke yi musu aiki, ba ma'aikatansu kaɗai ba. An rubuta ta ne ana tunanin masaƙun Bangaladash da ma'adinan Kwango, sai ga shi an zo ana gwada ta a kan titin da ke bayan gida. Hukumar da ke kula da dokar, BAFA, ta aiko jami'anta filin suka duba takardun lodi. A ƙarshen Satumba, bayan fiye da mako goma, aka sanar da cewa an daidaita, direbobin suka samu kaso mai yawa na abin da suke bi. Kuɗin wannan karon ba daga aljihun mai motocin ya fito ba, daga wajen waɗanda ke saman jerin ne, kuma yarjejeniyar ta hana bayyana sunayensu da adadin.

In an tattara, a duka zagayen biyu ba kotu ce ta ƙwato wa direbobin haƙƙinsu ba. Dokar awa 45 na nan, dokar komawa gida na nan, dokar Yuro 12 na nan, duk tun kafin su kashe mota. Kai ƙara kuwa yana nufin komawa Polan, ɗaukar lauya, jiran watanni ba albashi ba masauki, da izinin zama mai ɗauke da sunan wanda kake ƙara. Abin da ya yi aiki shi ne direbobin na da yawa, suna wuri ɗaya, 'yan sanda sun hana a taɓa su, kuma kayan wani mai ƙarfi na ƙarƙashin tamfol ɗinsu. Sabon direban da ya sauka jiya, shi kaɗai, da lodin takardar banɗaki, ba shi da ko ɗaya cikin huɗun.

Ba ina cewa duk kamfanin Polan ko Lituweniya haka yake ba. Akwai dubban baƙin direbobi da ake biyansu a kan kari, suna gina gidaje a garuruwansu, wasu bayan shekaru su samu zama na dindindin su koma kamfanin Jamus ko Holan mai albashin wata da hutun shekara. Hanyar tana ɓullewa. Amma shekara biyun farko, lokacin da takardunka duk suna aljihun mutum ɗaya, nan ne ramin yake, kuma lamarin ya matso kusa da mu: a farkon 2025 wasu direbobi 'yan Zimbabuwe da wani kamfani mai rajista a Sulobakiya ya ɗauko suka tsayar da motocinsu a zangunan Jamus saboda albashi, aka sake ganin Atema a wurin. Su ba su kai sittin ba, kuma a warwatse suke, kowa a filinsa.

Ɗan yayata ya saurara har ƙarshe, yana juya wayar a hannu. Sai ya ce, "To Kawu, me zan tambaye su?"

Muka zauna muka rubuta tare. Sunan kamfanin da ƙasar da yake da rajista. Kwantiragin ma'aikaci ne ko na mai zaman kansa, kuma a turo shi tun yana nan, cikin harshen da zai iya karantawa. Nawa ne albashin tushe, nawa ne kuɗin abinci, a rabe. Wa zai biya kuɗin lamba 95, in kamfani ne nawa za a riƙa cira, har wata nawa. Mako nawa a hanya kafin hutu, kuma a ina ake kwana. Lambar wayar direba ɗaya ɗan Afirka da ya shekara a wurinsu. Ya tura wa lambar da ke jikin tallar da daddare.

Da safe amsa ta zo, layi ɗaya: ya fara biyan kuɗin fom tukuna, sauran bayani sai a ofis. Ya nuna mini, ya mai da wayar aljihu. Yana da lodin albasa da zai ɗauka zuwa Legas a ranar, yaron motarsa ma ya riga ya kira shi sau biyu.